RANAR DA AKA KAI ƊAN ADAM KARA

Wannan shi ne jawabin da wani malamin kimiyya na makarantar sakandare ya gabatar ga samari a harabar wata makarantar Islamiyya da ke Ɗankaza, cikin ƙaramar hukumar Wudil, bayan sallar La'asar. An nemi ya yi magana ne a kan fina-finan Turawa na ƙagaggun labaran kimiyya, waɗanda samari ke yawan turawa a wayoyinsu.

Bayan ya yi godiya ga Allah Ta'ala, ya yi salati ga Manzon tsira (S), Malamin ya fara da tambayar mahalarta ko akwai wanda bai taɓa shiga karar Wudil ranar Juma'a ba. Ba wanda ya ɗaga hannu. Sai ya ce to alhamdu lillahi, an rage masa rabin aiki, domin duk abin da zai faɗa, wanda ya san kara ya riga ya san shi.

Ya ce, "'Yan uwa, ku tuna yadda ake cinikin sa. Mai saye ba ya tambayar wa ya raine shi, ko ina uwarsa take. Bakinsa yake buɗewa ya duba haƙori don ya san shekaru, ya dafa tozo, ya latsa cinya, ya koma gefe ya ƙiyasta naman da zai fitar. Dillali yana tsakiya yana jiran la'adarsa. A taya, a ce albarka, a ƙara, a sallama, a kora shi cikin tirela sai Kudu. In an je mayanka kuwa ba abin da ake zubarwa. Nama da kuɗinsa, fata da kuɗinta, kayan ciki, ƙaho, ƙashi, kowane da mai sayensa. Wannan halal ne, sana'a ce mai albarka, domin dabba ce, don haka aka hore mana ita. Tambayar da na zo da ita ita ce, yaya duniya za ta kasance ranar da aka kalli ɗan Adam da irin idon da ake kallon san nan?"

Ya ce wannan tambaya ita ce ƙashin bayan wani rukuni na fina-finai da samari ke kallo don harbe-harbe da tsalle-tsallen da ke ciki, alhali maganar da ke ƙarƙashi ta fi harbin nauyi. Su ne fina-finan da ke ƙaga wata duniya ta gobe wadda ilimin kimiyya ya kai ƙololuwa a cikinta, amma rayuwa ta lalace, 'yan kamfanoni ƙalilan suka mallake komai, sauran jama'a suka zama haja. Ya ja kunne tun farko cewa ba ya zo ya yi wa fina-finan talla ba ne, domin da yawansu akwai abin da bai dace mai kunya ya kalla ba. Amma tunda ana kallo, gara a san abin da ake kallo.

ABIN DA FINA-FINAN KE NUNAWA

Malamin ya fara da mafi tsufa. Ya ce a 1927 wani Bajamushe mai suna Fritz Lang ya yi fim ɗin Metropolis, tun lokacin fim ba ya magana. A cikinsa attajirai suna zaune a saman dogayen benaye cikin lambuna, ma'aikata kuwa suna can ƙarƙashin ƙasa suna juya injuna awa goma-goma, suna shiga aiki sahu-sahu kawunansu a sunkuye kamar garken da aka kora. Da ɗan mai garin ya sauka ya ga wani inji ya fashe ya hallaka ma'aikata, sai injin ya rikiɗe a idonsa ya zama ƙaton gunki mai buɗaɗɗen baki ana tura masa mutane yana haɗiyewa. Ana kwashe gawawwaki, wasu na maye gurbinsu, aiki bai tsaya ba.

Daga nan ya koma kan Soylent Green na 1973. Ya ce an ƙaga labarin ne a birnin New York na shekarar 2022, mutane miliyan 40 sun cushe a ciki, zafi ya yi yawa, abinci ya ƙare, kamfani guda ne ke ciyar da jama'a da wani koren biskit da ya ce daga tsirran teku yake yin sa. A gidajen masu kuɗi kuwa, 'yan matan da ke ciki sunansu kayan ɗaki, duk wanda ya kama hayar gidan ya same su tare da kujeru. A ƙarshe ɗan sandan da ke bincike ya gano cewa gawawwakin mutane ake sarrafawa a yi biskit ɗin. Ya ce, "Kun ga mayanka ko? Ba abin da ake zubarwa."

Da ya ambaci The Matrix na 1999, sai wurin ya ɗauki guna-guni, domin kusan kowa ya gan shi. Ya ce yawanci abin da ake riƙewa shi ne yadda jarumin ke kauce wa harsashi. Amma a tuna wurin da aka nuna gonaki iya ganin ido, ba gonakin dawa ba, gonakin mutane, kowa kwance cikin kwanson ruwa, wayoyi soke a jikinsa, injuna na zuƙar zafin jikinsa da wutar da ke cikinsa. An jona ƙwaƙwalwarsa da mafarki, yana ganin kamar yana zuwa ofis, yana cin abinci, yana aure. In ya mutu a narkar da shi a ɗura wa na raye. Wanda ke yi wa jarumin bayani sai ya ɗaga batir ya nuna masa, wato abin da aka mayar da mutum ke nan.

Sai The Island na 2005, inda wani kamfani ke kwafar halittar attajirai, ya raini kwafin a ɓoye, yana ba su abinci mai kyau, yana auna lafiyarsu kullum. Ana gaya musu duniya ta gurɓace, saura tsibiri guda, wanda ya ci ƙuri'a za a kai shi can. Suna ta murna da ƙuri'a, ba su san cewa wanda sunansa ya fito, mai shi ne ya bukaci hanta ko ƙoda ba. Malamin ya ce wannan shi ne kiwon turke. Mai turke ba ƙaunar rago ce ta sa yake ba shi dusa da harawa ba, Babbar Sallah yake jira. Ya haɗa da Repo Men na 2010, inda kamfani ke sayar da gaɓoɓin roba bashi, in ka kasa biya na 'yan watanni a turo ma'aikata su farke ka su ɗauke kayansu.

Amma ya ce wanda ya fi taɓa shi shi ne In Time na 2011. A wannan duniyar mutum ba ya tsufa bayan shekara 25, sai dai daga ranar wani agogo zai fara ƙirga a damtsensa, an ba shi shekara ɗaya. Lokaci shi ne kuɗi. Da shi ake biyan albashi, da shi ake sayen komai, kofin gahawa minti 4. In agogonka ya kai sifiri ka faɗi matacce. Attajiri yana da ɗaruruwan shekaru a hannu, talaka kuwa kullum yana farkawa da abin da bai kai kwana guda ba. Uwar jarumin ta zo hawa mota da awa ɗaya da rabi a hannunta, ta tarar an ƙara kuɗin mota daga awa ɗaya zuwa awa biyu. Ba wanda ya taimake ta cikin fasinjoji. Ta kama gudu a ƙasa, ta cika saura taku kaɗan ta isa wurin ɗanta.

Ya ce, "Wa ya kashe ta? Ba wanda ya ɗaga mata wuƙa. Farashi aka ƙara. Duk wanda ya taɓa fita da safe neman abin da za a ɗora a tukunya da daddare, ya san agogon nan, ko da ba a rubuta masa shi a hannu ba."

DAGA INA SUKA SAMO LABARIN

Malamin ya ce kuskure ne a ɗauka masu rubuta waɗannan labarai duba suke yi, ko gobe suke hangowa. Jiya da yau suke kallo, su ƙara gishiri, su sa musu tufafin gobe. Ya kawo misalin jirgin ruwan bayi na Ingila mai suna Zong. A 1781 ma'aikatan jirgin suka jefa 'yan Afirka fiye da 130 cikin teku da ransu, masu jirgin kuma suka je neman diyya wurin kamfanin inshora, domin an yi wa kowane bawa inshorar fam 30. Da magana ta je kotu a London a 1783, ba shari'ar kisan kai aka yi ba, shari'ar asarar kaya aka yi.

Ya ce amma adalci shi ne kada a ɗora wa Bature komai. A ƙasar nan ma an sayar da mutane, an yi cinikin bayi a kasuwar Kurmi ta Kano, an bi da su ta Sahara, kuma ba a soke bauta gaba ɗaya a dokar Arewa ba sai 1936. Cinikin mutum ya girmi jari-hujja. Abin da jari-hujja ya ƙara shi ne lissafi. Shi tsari ne da ma'auninsa guda ne, wato riba. Duk abin da za a iya sa wa farashi haja ne, abin da ba shi da farashi kuwa kamar babu shi. Mai bawa na da, dole ya ciyar da bawansa ko da ranar ba aiki, domin in ya mutu dukiyarsa ce ta mutu. Na yanzu ya gano cewa ba sai ya sayi mutum sukutum ba. Ya sayi abin da yake so a jikinsa, ƙarfinsa, ko jininsa, ko ƙodarsa, ko lokacinsa, ya bar masa sauran ya ji da shi.

Ya kawo ƙididdigar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta ce a 2021 mutane miliyan 27.6 ne ke cikin aikin tilas a duniya, kuma a rahotonta na 2024 ta ce haramtacciyar ribar da ake samu daga gare su ta kai dala biliyan 236 a shekara, kusan dala 10,000 a kan kowane mutum guda. Ya ce, "Kun ji an ƙiyasta naman da zai fitar."

KANO, 1996

Daga nan ya ce bari a dawo gida, domin ba sai an je New York ba. A 1996 annobar sanƙarau ta afka wa Arewa, dubban mutane suka rasu, galibi yara. Iyaye suka yi ta kwarara da 'ya'yansu Asibitin Zana da ke Kano. Ana cikin haka sai ga tawagar kamfanin magunguna na Amurka, Pfizer, da wani sabon magani mai suna Trovan da suke son gwadawa. Suka ɗauki yara 200, kusan rabi aka ba su Trovan, sauran aka ba su wani sanannen magani don kwatantawa. Yara 11 suka rasu, 5 daga ɓangaren Trovan, 6 daga ɗaya ɓangaren, wasu kuma suka tashi da kurumta, ko makanta, ko shanyewar jiki. Bayan 'yan makonni tawagar ta tattara ta koma, annoba kuwa ba ta ƙare ba.

Ya ce jaridar Washington Post ce ta fallasa maganar a watan Disamba na 2000. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kwamitin da Gwamnatin Tarayya ta kafa ya ce gwajin ya saɓa wa doka. Shi kuwa kamfanin ya tsaya a kan cewa ya sami izini, an yi wa iyaye bayani da baki, kuma cutar ce ta kashe yaran, ba maganinsa ba. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75 ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba, kuma sai a 2011 iyalai huɗu na farko suka karɓi diyya, dala 175,000 kowannensu, shekara 15 bayan faruwar abin. Maganin kansa, a 1999 Amurka ta taƙaita amfani da shi, Turai ta dakatar da shi, saboda illar da yake yi wa hanta.

Malamin ya ce shi ba alƙali ba ne, amma akwai tambayar da kowane mai hankali zai yi: me ya sa aka tsallake asibitocin Amurka aka zo Fagge? Ya ce amsar tana cikin lissafi. Inda ake da marasa lafiya da yawa wuri guda, iyayensu a ruɗe, ba su karanta takarda, masu sa ido kuma ba su da ƙarfi, nan gwaji ya fi sauri, ya fi araha.

Ya ƙara da cewa ɓarnar ba ta tsaya kan yara 200 ba. Amana ce ta karye. Da aka zo 2003 aka dakatar da rigakafin shan-inna a Kano har zuwa tsakiyar 2004, labarin Trovan yana cikin abin da mutane suka riƙa kafa hujja da shi. Cutar ta sake bazuwa har wasu ƙasashe, yaran da ba su ji ba su gani ba suka shanye, ba a tabbatar da Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar ba sai a watan Agusta na 2020. Ya ce, "Don haka kada wani ya tashi daga nan ya ce na hana zuwa asibiti ko karɓar rigakafi. Wanda ya gudu daga magani ya cuci kansa sau biyu. Abin da nake cewa shi ne ka tambaya, kuma kada ka dangwala hannu a takardar da ba a karanta maka ba."

ƘODA DA SAHARA

Game da The Island kuwa, ya ce an yi shi a zahiri, kuma ba a bukaci kwafar kowa ba, domin talaka yana nan a araha. A watan Maris na 2023 wata kotu a London ta sami Sanata Ike Ekweremadu, tsohon Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, da matarsa, da wani likita, da laifin kai wani saurayi ɗan shekara 21 Ingila don a cire ƙodarsa a dasa wa 'yar Sanatan. Yaron yana tallan kayan waya ne a baro a Legas. Kotu ta ji cewa an yi masa alkawarin abin da bai wuce fam 7,000 ba da samun aiki, alhali kuɗin dashen a asibitin fam 80,000 ne. Likitan asibitin ya lura yaron bai fahimci abin da ake shirin yi masa ba, aka fasa, daga baya yaron ya kai kansa ofishin 'yan sanda. A watan Mayu na shekarar aka yanke wa Sanatan shekara 9 da wata 8, likitan da ya haɗa cinikin shekara 10.

Ya ce, "Uba ne da 'yarsa ke jinya, kowa zai tausaya masa. Amma da ya tashi neman ƙoda, ina ya duba? Wurin mai baro. Ku lura kuma akwai dillali a tsakiya. Kullum akwai dillali."

Sai ya juya kan hanyar Agadas. Ya ce a watan Nuwamba na 2017 gidan talabijin na CNN ya nuna hoton gwanjon mutane a Libiya, cikin dare, ana tayawa ana ƙarawa, ana sallama ƙato a kan dala 400, mai gwanjo yana yabon ƙarfinsu a aikin gona. Samari ne 'yan Afirka ta Yamma da suka sayar da abin hannunsu, wasu gonar gado, suka biya masu fasa-ƙwaurin mutane don a kai su Turai. Ya ce a lissafa da kyau, akwai bijimin da ya fi wannan kuɗin daraja a karar Wudil.

WAYAR DA KE HANNUNKA

Malamin ya nemi kowa ya ɗaga wayarsa. Hannuwa suka tashi. Ya ce to ga Matrix nan. Ya tambaya nawa Facebook ke karɓa kafin mutum ya buɗe shafi. Aka ce kyauta ne. Ya ce amma kamfanin Meta mai Facebook da WhatsApp da Instagram ya sami kusan dala biliyan 135 a 2023, kusan duka daga talla. Me ya sayar wa masu tallan? Idonka, da lokacinka, da sanin abin da kake so, da inda kake kwana. Ya ce dusar kyauta ba a ba rago ita don Allah. Ya tuna musu cewa a watan Yuli na 2024 hukumar kare haƙƙin masu saye ta Nijeriya ta ci kamfanin tarar dala miliyan 220 a kan yadda yake sarrafa bayanan 'yan ƙasa.

Ya kawo misalai biyu daga Kenya. A 2023 dubban mutane suka yi layi a Nairobi don wani kamfani mai suna Worldcoin ya ɗauki hoton ƙwayar idonsu, a ba su kuɗin intanet da ya kai kimanin shilin 7,000, har gwamnati ta dakatar da aikin a watan Agusta. A farkon shekarar kuma mujallar Time ta ruwaito cewa an ɗauki matasan Kenya suna tace munanan rubuce-rubuce don horar da ƙirƙirarriyar basira, ana biyansu ƙasa da dala 2 a awa. Ya ce akwai fim ɗin Sleep Dealer na 2008 da ya nuna ma'aikata a Meziko ana jona jijiyoyinsu da waya suna sarrafa mutum-mutumi masu gini a Amurka, wato an tsallakar da aikin an bar ma'aikacin a bayan katanga. Shekara 15 kawai aka yi tsakanin fim ɗin da labarin Kenya.

INDA FINA-FINAN SUKA YAUDARE KU

Malamin ya ce duk da gaskiyar da ke cikinsu, fina-finan suna da yaudara iri biyu. Ta farko, su kansu haja ne. Kamfanin Warner Bros. ne ya fitar da The Matrix, ya kuma tara fiye da dala miliyan 460 a gidajen sinima. Wato tsarin ya kai ga sayar maka da zagin kansa, ka biya, ka ji daɗi, ka ɗauka ka waye, ka kwanta. Ta biyu, kusan kullum suna ƙarewa da jarumi guda mai bindiga wanda zai fasa kamfani ya 'yantar da kowa, sauran jama'a kuwa 'yan kallo ne. Ya ce a zahiri ba haka ake yi ba. Abin da ya kai maganar Trovan kotu iyaye ne da lauyoyi da 'yan jarida da suka yi shekaru suna naci. Abin da ya kuɓutar da yaron Legas likita ne guda da ya yi tambaya, da ƙarfin halin yaron da ya buɗe baki.

A nan wani saurayi ya miƙe ya ce, "Allah ya gafarta Malam, to wanda ya yarda da kansa zai sayar da ƙodarsa don ya sami jari, ina laifin mai saye, tunda ba tilas aka yi masa ba?"

Malamin ya ce tambaya ta yi kyau. Ya ce yardar mai jin yunwa sai an duba ta sau biyu, domin da a ce ciniki ne tsakanin tsara da tsara, da an taɓa jin attajiri ya sayar wa talaka ƙoda. Kullum gaɓa daga ƙasa take hawa sama. Sannan mutum yana sayar da abin da ya mallaka ne, jiki kuwa amana ce. Ya ce Alƙur'ani a Suratul Isra'i, aya ta 70, ya tabbatar da karamcin 'yan Adam baki ɗaya, bai ware mai kuɗi ba, kuma ya zo a hadisi cikin Bukhari cewa wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗin, da wanda ya sa ɗan ƙwadago aiki ya hana shi haƙƙinsa, suna cikin waɗanda Allah da kansa zai yi husuma da su ranar ƙiyama. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1988, ta halatta dashen gaɓa bisa sharuɗɗa amma ta haramta sayar da ita, Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ma ta hana. Ya ce kyauta daban, ciniki daban. Wanda ya ba ɗan uwansa ƙoda don Allah, bayan likitoci sun auna sun yi masa bayani, ya yi babban aikin lada, kuma ana yin dashen a nan Asibitin Malam Aminu Kano.

MU DUBA KANMU

A ƙarshe ya ce abu mai sauƙi ne a zauna a Ɗankaza a zagi kamfanonin Amurka, amma idon dillali ba shi da ƙabila. Ya tambaya, yarinyar da ake ɗauka daga ƙauye a kai ta aikatau birni, wata mata tana karɓar kuɗin aikinta duk wata tana cire nata, mene ne sunan wannan? Almajirin da ke wanke-wanke da shara a gida shekara da shekaru a kan ɗan tuwon dare, ba wanda ya taɓa tambayar sunan mahaifinsa? Yaron shagon da zai yi shekara goma ba maganar sallama? Saurayin da ɗan siyasa zai ba ƙwaya da 'yan canji ya riƙe masa gora, in an kashe shi a nemo wani? Mai ƙuri'ar da ke sallama shekara huɗu a kan taliya da sabulu?

Ya ba samarin shawarwari. Duk wanda ya zo da maganar aiki a waje, ya ce a bar fasfo a hannunsa, ko za a biya kuɗin hanya daga albashi, ko kuma ya fara da kai mutum gwajin jini ba tare da bayani ba, to a tsaya, a gaya wa iyaye da malamai, in ta kama a sanar da hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane, tana da ofishi a Kano. Wanda ya iya karatu ya raka wanda bai iya ba duk inda za a sa hannu a takarda. Wanda yake da yaro a ƙarƙashinsa ya yanka masa lada sananne, ya biya a kan lokaci. A kafa adashi da asusun taimakon juna a unguwa, domin mafi yawan wanda ya faɗa hannun dillali, bashin asibiti ne ko rashin jari ya kai shi. Kowa kuma ya duba awa nawa wayarsa ta ci masa a mako, ya tambayi kansa wa ya karɓi kuɗin awannin nan.

Ya ce, "In kun sake kallon irin fina-finan nan, ku bar kallon jarumi. Ku kalli waɗanda ke bayansa a layi, waɗanda ba a ba su suna ba. A can za ku ga fuskokin da kuka sani."

Ya rufe da addu'ar Allah ya jiƙan yaran da suka rasu a annobar 1996 da samarin da Sahara ta cinye, ya ba marasa lafiya lafiya, ya tsare mu daga cin gumin wani, ya kuma wadata matasa da sana'ar halal. Aka shafa, aka tashi gab da kiran Magariba.